Intanet Har Ƙuryar Ɗaki: Sharhi Kan Tsarin Mesh a Gidajen Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Wanda ya je sayen na'urar intanet ta gida a 'yan shekarun nan, ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ko a shagunan Gusau, zai iya cin karo da wani kwali mai ɗauke da ƙananan na'urori biyu ko uku masu kama ɗaya, an rubuta "mesh" a jikinsa. Bayanin da ake yi wa mai saye gajere ne: kai gida ka jona, intanet zai game ko'ina. Daga wannan gajeren bayani ruɗani yake tasowa. Wani ya ɗauka na'urar ƙara ƙarfin sabis ce. Wani yana zaton da ita an huta da sayen data. Akwai ma masu tunanin cewa da a ce suna da ita a 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, da ba su shiga halin da suka shiga ba.

Ko ɗaya daga cikin ukun nan ba haka yake ba. Duk da haka tsarin yana da amfani na gaske, kuma irin ginin gidajen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi yana cikin wuraren da amfanin zai fi fitowa fili, idan an san me aka saya da kuma abin da ya kamata a riga tanada kafin a saye shi.

Kalmomin da ake cakuɗawa

A bakin jama'a, "babu netwok" na iya nufin abubuwa da dama, kuma rabe su shi ne rabin fahimtar batun.

Sabis shi ne saƙon da ke fitowa daga ƙarfen sabis na kamfanoni irin su MTN, Airtel da Glo, ya iso wayar hannu ko wata na'ura mai ɗauke da layi. Data kuma ma'aunin abin da mutum ya saya ne don ya yi amfani da intanet ta kan wannan sabis. Rawuta ita ce akwatin da ke karɓar intanet daga waje, ta hanyar layin waya ko kebul ko tauraron ɗan'adam, ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin cikin gida. Hanyar da take bi wajen rarrabawar ba tare da igiya ba ita ce Wi-Fi, wato saƙon rediyo mai gajeren zango wanda ba ya wuce 'yan mitoci goma-goma. Saboda haka waya na iya nuna Wi-Fi cike taf alhali babu intanet ko kaɗan: alamar tana faɗin kusancinka da rawuta ne kawai, ba ta ce komai game da abin da rawutar ta samo daga waje ba.

Mesh kalmar Ingilishi ce mai ma'anar raga. A fannin sadarwa ana nufin tashoshin Wi-Fi da yawa da suke magana da junansu, suna miƙa wa juna saƙo, duk a ƙarƙashin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Babbar tasha tana haɗe da mafarin intanet, ƙananan kuma a rarraba su sassan gida. Idan mutum ya tashi daga zaure ya shiga cikin gida, wayarsa za ta saki tasha ta kama wadda ta fi kusa ba tare da ya taɓa komai ba. Idan tashoshin sun kai uku ko fiye, ɗaya ta mutu, sauran kan nemi wata hanyar da kansu, muddin suna jin juna.

Misalin da ya fi kusa shi ne na tanki da bututu. Sabis ko tauraron ɗan'adam shi ne ruwan da ke shiga tanki, mesh kuma bututun da ke kai shi kowane sashe. Ƙara yawan bututu ba ya ƙara ruwan tanki.

Akwai wata na'ura mai araha da ake rikita ta da mesh, wadda ake kira ekstenda ko rifita, wato mai maimaita saƙo. Ita tana sauraren Wi-Fi ɗin da ke akwai ta sake watsa shi. Da yake rediyo guda take amfani da shi wajen ji da kuma faɗa, saurin da take bayarwa yakan ragu da kusan rabi, kuma sau da yawa waya kan maƙale wa tsohuwar tasha mai rauni ko da mutum yana tsaye kusa da sabuwar. Ita ma busta, wadda ke ƙara ƙarfin sabis ɗin kamfani, abu ne daban. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi kan amfani da irinta ba tare da izini ba, domin tana iya dagula sabis ɗin unguwa baki ɗaya.

Inda tsarin ya samo asali

An fitar da ƙa'idar farko ta wannan nau'in sadarwa, mai lamba 802.11, a 1997, sunan Wi-Fi kuma ya bayyana a 1999. Ƙa'idar haɗa tashoshi su zama raga ta kammala a 2011. Amma shigarsa gidajen jama'a ya soma ne sosai a 2016, shekarar da Eero da Google Wifi da Orbi na kamfanin Netgear suka shiga kasuwa. TP-Link ya biyo baya da Deco a 2017, kuma shi da Tenda Nova suna cikin waɗanda aka fi gani a kasuwanninmu saboda sauƙin farashi. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da ƙa'idar EasyMesh don na'urorin kamfanoni daban-daban su iya aiki tare, sai dai har yanzu abin da ya fi tabbas shi ne a sayi tashoshin duka daga kamfani ɗaya.

Abin lura a nan shi ne an ƙera waɗannan na'urori ne da gidajen Amurka a zuciya: bangon katako da allo marar kauri, rufi guda ɗaya, wuta dare da rana, intanet na kebul marar iyaka. Faɗin filin da ake rubutawa a jikin kwali an auna shi ne a irin waɗannan gidaje. Bai kamata mai gida a Zurmi ya yi lissafi da shi ba.

Ginin gidanmu da halin saƙon rediyo

Gidan gargajiya a wannan yanki ba ɗaki-cikin-ɗaki ba ne a ƙarƙashin rufi guda. Daga ƙofa sai zaure, wani gidan har da zaure na biyu, sai turakar maigida, sai tsakar gida, sannan ɗakunan mata a kewaye. A gidan gandu kuwa sassa ne barkatai, kowane magidanci da nasa shiyyar, da katanga tsakani. Wasu gidajen ma akwai shago a jikin bangon waje. Rawuta guda ba za ta iya da irin wannan shimfiɗa ba, ko nawa aka saye ta.

Dalilin yana cikin yadda saƙon yake tafiya. Wi-Fi yana aiki ne a manyan zangon rediyo biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, sababbin na'urori kuma sun ƙara na 6. Na 2.4 ya fi nisa da iya ratsa bango, amma saurinsa kaɗan ne kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma bango biyu masu kauri sun isa su kashe shi. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye saƙo sosai, kuma da damina, idan ta jiƙe, abin ya fi muni, domin ruwa yana tsotse irin wannan saƙo. Bulo ya ɗan fi sauƙi. Kankare mai rodi a ciki, irin na rufin bene, yana tare shi ƙwarai. Ƙarfe kuwa mayar da shi baya yake yi: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, firji, duk shinge ne. Wannan ya sa sanya tasha a saman rufin kwano da nufin ta watso wa ɗakunan ƙasa ba ya haifar da abin da ake so.

Sai dai gidan Bahaushe yana da wata falala da gidan Turawa ba shi da ita, wato tsakar gida. Fili ne buɗaɗɗe da kusan kowane ɗaki ke fuskanta. Saƙo yana tafiya cikin iska ba tare da cikas ba, ya shiga ta ƙofa da taga. Saboda haka dabarar ita ce a sa tashoshin su riƙa ganin juna ta tsakar gida, a ƙarƙashin baranda ko rumfa, ko a bakin taga, a wuri mai tsawo sama da kan mutum, maimakon a ɓoye kowacce a ƙuryar ɗaki a ce ta ratsa bango uku kafin ta ji 'yar'uwarta.

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ba a cika ambata ba, kuma a ganina yana cikin mafi muhimmanci. Inda aka fi ajiye rawuta shi ne falon maigida ko kusa da zaure, alhali waɗanda suka fi daɗewa a cikin gida su ne mata. Da yawansu suna sana'a daga ɗaki: ɗinki, turaren wuta, kayan mata, ƙuli-ƙuli, kuma WhatsApp ya zama kasuwarsu. Wasu suna karatu, wasu suna sauraren darussan malamai. Idan saƙo ya tsaya a zaure, su ne ke rasa shi. Tasha guda a tsakar gida tana gyara wannan, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa gida babba ya duba tsarin da idon basira.

Mafarin intanet da abin da ya faru a 2021

A ranar 3 ga Satumba, 2021, NCC, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin a taimaka wa jami'an tsaro a yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. An dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar. A tsakanin nan mutane sun riƙa tafiya har Funtuwa don buga waya, kafin ita ma Katsina ta rufe sabis a wasu ƙananan hukumominta, Sakkwato ma ta bi sahu. Masu POS sun tsaya cik, tura kuɗi ya gagara, 'yan kasuwar da ke cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sun koma aike da baki. A wasu garuruwan bakin iyaka an riƙa laluben sabis ɗin kamfanonin Nijar.

Mesh ɗin gida ba zai yi maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda mafarin ne aka toshe. Kuma ko ba a kafa doka ba, ƙarfen sabis a wannan yanki yana dogara ne da man dizal da batura da ma'aikatan da za su iya isa wurinsa. Hanyar da ba ta da tsaro tana nufin ƙarfen da ka iya yin shiru na kwanaki. Wannan ya sa tambayar farko ga mai son kafa tsarin ita ce: daga ina intanet ɗin zai shigo?

Ga akasarin gidaje, amsar ita ce rawuta mai layi, ta 4G. Kafin a kashe kuɗi, a zagaya gidan da waya a gwada layukan kamfanoni daban-daban, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da cunkoso ya fi yawa, a ga inda sabis ya fi ƙarfi. A nan za a ajiye rawutar, ko da wurin ba shi ne tsakiyar gida ba. Aikin mesh ne ya ɗauko daga can ya kai sauran wurare. Inda sabis ke da rauni, eriyar waje da aka ɗaga a kan doguwar sanda tana fuskantar ƙarfen sabis ta fi kowace tashar mesh amfani. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a 2023, amma daga manyan birane suka fara, don haka kada a sayi rawutar 5G mai tsada sai an tabbatar sabis ɗin ya iso unguwar.

Hanya ta biyu ita ce tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya kuma shiga Nijar a 2025. Ba ya buƙatar ƙarfen sabis, faranti ne kawai da ke son sararin sama marar shinge. Saurinsa ya kai ya ciyar da gida mai sassa da yawa, kuma a nan ne mesh ke nuna cikakken amfaninsa. Amma kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, yana cin wuta, kuma shi ma da lasisin NCC yake aiki, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka yana wajen ikon hukuma.

Akwai abin da mesh zai iya yi ko babu intanet, kuma ya cancanci a sani. Tashoshin suna ci gaba da haɗa na'urorin cikin gida da juna. Ana iya kallon kyamarar ƙofar gida daga waya, a tura fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Makaranta ko gida mai ɗalibai na iya ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ɗauke da manhajar Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da data ba, ko Kolibri mai darussan makaranta. Ga gari irin Ƙaura Namoda, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983 da gidajen hayar ɗalibai a kewayenta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Su kuwa manhajojin waya masu aika saƙo ta Bluetooth daga waya zuwa waya, irin FireChat da aka yi amfani da ita a Hong Kong a 2014, su ma suna amsa sunan mesh, amma suna aiki ne kawai inda masu riƙe da su suka yi cincirindo kusa da juna. Ba za su kai saƙo daga Zurmi zuwa Gusau ba.

Wuta, zafi da tsawa

Kowace tasha tana buƙatar wutarta. Wannan shi ne abin da ya fi kayar da tsarin a wurinmu, domin wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara ba abin dogaro ba ce dare da rana, wasu garuruwan ma sukan daɗe babu ita. Idan tashar tsakiya ta mutu, wadda ke bayanta ma ta yanke, ko da ita tana da wuta.

Lissafin ba shi da wuya. Tasha guda tana cin abin da ya kai wat 10, ko ƙasa da haka kaɗan. Tashoshi uku a awa 24 sun ci wat-awa 720. Batirin sola na bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na ruwa ne ko irinsa mai darma, rabin wannan kawai ya kamata a sha in ana son ya yi ƙarko. Farantin Starlink na gida yana cin wat 75 zuwa 100, wato kusan wat-awa 2,000 a yini, ƙaraminsa mai suna Mini kuma ƙasa da rabin haka. Wanda ya sayi faranti bai yi wannan lissafi ba zai tarar batirinsa ya ƙare kafin asuba. Da yawa daga cikin tashoshin mesh da bolt 12 suke aiki, saboda haka ana iya ba kowacce 'yar ƙaramar ma'ajiyar wuta tata, ko a ja musu wuta kai tsaye daga batirin sola ba tare da an bi ta inbata ba, wanda shi ma yana cin nasa kason. A duba abin da aka rubuta a jikin caja kafin a yi haka.

Zafi ma abin dubawa ne. Yawancin waɗannan na'urori an ƙayyade musu aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin yankin kan haura 40 a inuwa. Tsakanin kwano da silin kuwa ya fi haka nesa. Na'urar da ta yi zafi tana rage sauri ko ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan shan iskarta. In dole sai an sa a waje, akwai nau'in da aka ƙera don rana da ruwa. Da damina kuma, sandar eriya da kebul ɗin da ya ratsa fili suna iya jawo tsawa cikin gida. A sa musu wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, a kuma cire su daga soket idan hadari ya taso da ƙarfi.

Yadda ake kafawa

Aikin kansa bai kai tanadinsa wuya ba. Ana haɗa babbar tasha da rawutar layi ko ta Starlink da gajeren kebul, a sauke manhajar kamfanin a waya, a ba wa Wi-Fi ɗin suna da kalmar sirri, sannan a kunna sauran tashoshin ɗaya bayan ɗaya, manhajar tana nuna ko sun ji juna da kyau. Wasu kamfanonin sai an buɗe asusu da imel kuma da intanet a lokacin kafawa, don haka a yi aikin ranar da sabis yake da kyau. Bayan an gama, a kashe Wi-Fi ɗin tsohuwar rawutar don kada su riƙa karo da sabon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kai ƙaramar tasha cikin ɗakin da saƙo ba ya kaiwa. Tashar ba ta ƙirƙirar saƙo, abin da ta ji shi take miƙawa. Idan raunanne ta ji, raunanne za ta ba ka, ko da wayarka na nuna alama cike. Wurinta shi ne tsakanin babbar tasha da wannan ɗaki, inda saƙo bai riga ya yi rauni ba. Kuskure na biyu shi ne jera tashoshi a layi, ta ɗaya ta ba ta biyu, ta biyu ta ba ta uku. A na'urori masu zango biyu, kowane tsallake yana zaftare sauri, wani lokaci har rabi. Masu zango uku suna keɓe rediyo guda don maganar tashoshi da junansu, shi ya sa suka fi tsada. Yawan tashoshi fiye da kima a ƙaramin wuri shi ma matsala ne, domin suna damun juna. A fara da biyu, a gwada, in akwai buƙata a ƙara.

Mai sayen na hannu ya tabbatar an cire na'urar daga asusun tsohon mai ita, domin wasu nau'o'in ba sa karɓar sabon ubangida sai an yi haka. A zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, kada a bar Wi-Fi a buɗe, kada kuma a mai da lambar wayar maigida ko sunan ɗansa kalmar sirri. Ga baƙi da samarin zaure akwai abin da ake kira hanyar baƙi, wato suna na biyu da kalmar sirri daban, wanda ke ba su intanet ba tare da sun iya kaiwa ga kyamara ko kwamfutar gida ba.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu sana'ar haɗa intanet da yawa suna ganin mesh marar igiya lalaci ne mai tsada. Hujjarsu ita ce kebul ɗin Cat6 yana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya rage komai ba, bango bai dame shi ba, kuma da fasahar PoE yana iya ɗauke da wuta da saƙo a igiya guda, ta yadda batir ɗaya a wuri ɗaya zai riƙe gidan duka. Masu goyon bayan mesh kuma suna cewa ɗan haya ba zai fasa bangon mutane ba, ɓera da gara da rana suna cin kebul, kuma ba kowane gari ake samun ƙwararre ba. A nawa hukuncin, masu kebul sun fi gaskiya a gidan ƙasa mai sassa da yawa, musamman saboda batun wuta. Amma ba lallai a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba: yawancin tashoshin mesh suna da ramin kebul, kuma idan aka haɗa su da igiya cikin bututun roba, an samu saurin kebul tare da sauƙin suna ɗaya. Inda gidaje biyu ke da tazarar ɗaruruwan mitoci kuwa, mesh na gida ba zai kai ba. Sai rediyo mai fuskantar juna irin na Ubiquiti ko MikroTik.

Iyaye da malamai suna da damuwar da ba za a yi watsi da ita ba: intanet da ya isa kowane ɗaki ya isa ɗakin yara ma, da tsakar dare, ba tare da sun nemi kuɗin data a wurin kowa ba. Manhajojin mesh suna ba da damar yanke wa wata waya intanet a wasu sa'o'i ko toshe wasu shafuka, amma yaro mai layinsa a aljihu ya tsallake wannan duka. Ta ɗaya gefen, wanda ke riƙe da manhajar yana ganin wace waya ce ke haɗe, yaushe, nawa ta ci, a wasu nau'o'in har da sunayen shafukan da ta ziyarta. Ba ya iya karanta saƙonnin WhatsApp, waɗanda aka kulle daga mai aikawa zuwa mai karɓa tun 2016. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya ko 'yan'uwa magidanta da yawa, ya dace kowa ya san iyakar abin da mai riƙe da manhajar ke gani tun kafin a jona, domin zargi kan irin wannan yana iya ɓata zaman gida.

Game da tsoron da wasu ke yi cewa saƙon yana jawo cuta, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta tabbatar da wata illa daga Wi-Fi ba a irin ƙarfin da na'urorin gida ke fitarwa, wanda ya yi ƙasa da na wayar da ake karawa a kunne.

Sai batun karo-karo, inda maƙwabta za su haɗa kuɗi su sayi mafari ɗaya su raba. Tunanin ba sabo ba ne. Guifi.net a yankin Kataloniya na Sifaniya ya fara a 2004, Zenzeleni na aiki a ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu, Gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan a Kafanchan, cibiyar CITAD ta Kano kuma ta daɗe tana fafutukar a sauƙaƙa wa al'ummomin karkara kafa nasu. Amma raba wa iyali daban, sayar wa jama'a daban. Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta wajabta lasisi ga mai sayar da hidimar sadarwa, sharuɗɗan Starlink na gida kuma sun hana sake sayarwa. A yankin da ake fama da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, akwai ƙarin nauyi: duk abin da aka aikata ta kan intanet ɗin gida, sunan da ke kan rajista shi za a fara nema. Mai faranti a kan rufi ya san wa ya ba kalmar sirrinsa, ya riƙa canza ta, kuma a gari mai zaman ɗar-ɗar yana da kyau mai unguwa ya san da zamansa.

Abin da zai biyo baya a aljihu

Gidan da ya kafa mesh a kan rawuta mai layi zai ga data tana ƙarewa da saurin da bai saba gani ba, kuma ba sata ake yi masa ba. Waya tana ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin na kyauta: da ta kama shi sai ta shiga sabunta manhajoji, tana ɗora hotuna a ma'ajiyar Google, tana buɗe bidiyo da mafi kyawun haske. Awa guda ta bidiyo na iya cin gigabayit 1, mai haske sosai har 3. A ninka wannan da wayoyi goma sha biyar. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi, kuma tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka yawanci yana da ma'aunin da in an kai shi ake rage sauri.

Akwai gyara. A cikin saitin kowace waya ana iya nuna mata cewa wannan Wi-Fi na awo ne, sai ta daina sabunta kanta da ɗora hotuna ba izini. A rage hasken bidiyo a YouTube da TikTok, a hana WhatsApp sauke duk abin da aka turo a zaurukan hira. Wasu manhajojin mesh suna barin a fifita wata na'ura, misali ta POS ɗin shago ko kwamfutar ɗalibi mai rajistar JAMB, a kan sauran. Gidan da ke raba kuɗin tsakanin magidanta ya fara da wata guda na gwaji, a duba abin da kowace waya ta ci a manhajar, sannan a yanka wa kowane sashe kasonsa.